Gidan Gonar da Malam Ya Riƙa Zanawa

A Damagaram, kafin mu zo ƙasar nan, maigidana mai zanen motoci ne. Idan direban kamyo, wato babbar motar kaya, ya gyara motarsa, sai ya kai masa ita bayan tasha, ya bar masa ita ya tafi. Zaki yakan zana, da ɗawisu, da masallaci mai koriyar ƙubba, da wasu furanni da babu irinsu a kowane daji. Mutum ne kawai ba ya zanawa. Mahaifinsa malami ne, kuma da kyar ya yarda da sana'ar, bisa sharaɗin kada ya taɓa fitar da surar ɗan Adam. Da fenti a farcensa na san shi, da shi na aure shi.

A New York ba mai kai motarsa a zana masa da hannu. Inji ke buga hoto, a liƙa, a wuce. Don haka Malam, kamar yadda nake kiran maigidan nawa, ya yi wankin mota, ya yi dako a wani babban kanti, ya sayar da huluna da safar hannu a bakin titi har sanyi ya shiga ƙirjinsa. A ƙarshe wani ɗan garinmu ya samo masa aiki a shagon gyaran taya can ƙarshen Flatbush, a Brooklyn. Mu kuwa a Mount Hope muke, a Bronx, a hawa na huɗu, ciki da falo, mu da 'yan biyunmu mata. Daga gidanmu zuwa shagon sai ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka sauka ka canja wani, ka fito ka jira bas. Kafin ya isa ya riga ya gaji, alhali ko taya ɗaya bai ɗaga ba.

Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. In yi musu wanka, in canja musu shimfiɗa, in juya su kada bayansu ya yi gyambo, in lallashe su su haɗiye magani. Wani gidan wuni nake yi, wani gidan kwana. A shekarun nan ni da Malam mun fi haɗuwa a bakin ƙofa, shi zai fita ni zan shiga. Ranar Lahadi ce kawai ke tara mu, ita ma rabinta wanki ne da cefane da kitson yara.

Wata rana ina share ƙarƙashin gado na jawo wani kwali, irin wanda ake sako kayan mota a ciki. An yanke shi an zana gida a kai da biro. Gida ne gajere, rufinsa ya sauko ya yi lanƙwasa a baki kamar malfa. Na jawo wani, gidan ne dai. Na jawo wani, shi ne, amma daga baya. Da ya dawo na jere masa su a kan tebur.

"Malam, gidan wa ka ɗora wa ido haka?"

Ya yi dariya, irin ta wanda aka kama yana lasar miya. "Wani tsohon gida ne a tsallaken shagonmu. Maman 'yan biyu, da kin gan shi. Duk gidajen layin sun tsaya a sahu, shi kaɗai ya karkace, ya ba titi kafaɗa. Na yi ta mamaki wane magini ne ya yi wannan aika-aika. Ashe ya riga titin zuwa. Rana ya fuskanta, ba titi ba."

Na ce to, Allah ya kyauta, na mayar da kwalayen inda suke. Na ɗauka abin zai tsaya a biro.

Bai tsaya ba. Fenti ya shigo gidan, da burushi, da fallayen katako da yake tsintowa a inda ake zubar da tsofaffin kujeru. Ya riƙa jingina su a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki su bushe, sai warin ya cika falon, ya kama hijabaina, ya kama kayan da yara ke sawa su je lakwal, wato makaranta. Wata tsohuwa da nake kula da ita ta taɓa tambayata ko aikin fenti nake yi a wani wuri. Yaran ma suka yi ƙorafi, da Turanci kamar yadda suka saba, shi kuma ya ba su haƙuri da Hausa. Duk wannan na jure. Abin da ban jure ba shi ne da ya fara tashi ranar Lahadi ya koma Brooklyn.

"Duk mako kana kallon gidan nan. Yau ma?"

"Ranar aiki ta tsakanin motoci nake hangensa. Yau ne suke buɗewa a shiga."

"Mu fa? Yaushe ake buɗe mu a shigo?"

Ya tsaya da jaka a kafaɗa. Sannan ya ce, "Ki zo mu je tare." Na ce ba inda za ni. Haka muka yi ta yi, yana cewa in zo ina cewa a'a, har na gaji da faɗan fiye da yadda na gaji da aikin. Wata Lahadi cikin bazararsu na ɗauki mayafi na bi shi.

Gaskiya da na fara ganin gidan raina shi na yi. A gefe guda gidan mai, a ɗaya gefen dogayen gidajen haya, a tsallake shagon su Malam da tarin tayoyi. Shi kuma yana tsugunne a tsakiya cikin shingen ƙarfe, an lulluɓe jikinsa da sassaƙen katako jere a kan jere, duk sun yi toka-toka. A gabansa ɗan lambu, kabeji da tumatir da ganyen kabewa. Na ce a raina, wannan ne ya raba ni da mijina?

Wata tsohuwa ta miƙe daga cikin tumatirin tana dafa ƙugu. Baƙa ce, gajera, da hular kaba. 'Yar ƙasar Haiti ce, ta yi aikin jinya a wani asibiti har ta yi ritaya, yanzu tana kula da lambun kyauta, ita ce kuma ke zagayawa da baƙi idan sun zo. Da Faransanci suke magana da Malam, shi ya sa bakinsa ya buɗe da ita, don Turancinsa bai taɓa miƙewa ba. Mama yake ce mata, ni ma na bi bakinsa.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Madam, aikin jinya kike yi."

Na ce, "Yaya kika sani, Mama?"

"Tsayuwarki. Zauna tukuna, gidan ba inda za shi."

Ta nuna mini wani benci a ƙarƙashin bishiya. Na zauna da niyyar in huta kaɗan. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka inuwa ta juya, an ɗora mini mayafina a ƙafa, Malam yana can yana zane, Mama tana cire ciyawa. Na daɗe ban yi barci irin wannan ba, barcin da ba kunne ɗaya a buɗe ana jiran tsoho ya yi kira.

Sai ta shiga da ni. Ƙofar gidan biyu ce a haɗe, sama da ƙasa. Ta buɗe rabin sama ta bar na ƙasa a rufe, ta ce haka masu gidan suke yi a da don iska ta shiga, kaji da aladu kuma su tsaya a waje. Ciki duhu-duhu, rufin ya yi ƙasa har Malam sai ya sunkuya. Murhun girkin kuwa mutum zai iya shiga ya tsaya.

A tsaye a wurin ta ba ni tarihin, ba tare da ado ba. Ta ce tun kafin a yi wata ƙasa mai suna Amurka, mutanen Holan suka zo ta teku suka sami masu ƙasar a nan, suna noma suna kamun kifi. Sannu a hankali ƙasar ta bar hannun masu ita. Wani daga cikin baƙin ya gina ɗaki ɗaya, wanda muke tsaye a ciki. 'Ya'yansa suka ƙara ɗaki, jikoki suka ƙara wani. Turawan Ingila suka karɓe mulki, gidan yana nan. Aka yi yaƙin korarsu, sojoji suka bi ta gonakin suka cinye abin da suka samu, gidan yana nan. Daga inda muke har bakin ruwa duk gona ce, alkama da masara, daga baya kabeji da dankali da ake kai wa birni a keken doki. Sai birnin ya taso ya cim musu. Aka ja layuka a kan gonar, aka yanka ta fili-fili, magada suka sayar suka watse. Gidan ya zama kango, rufi yana yoyo, yara suna jifan tagogi. Saura ƙiris a rushe shi, sai wasu 'yan unguwa suka tsaya kai da fata, hukuma ta sa hannu, aka gyara.

Na ce, "Iyali ɗaya suka noma duk wannan?"

Ta dube ni. "Zo ki gani."

A bayan murhun akwai wani tsani tsaye, siriri. Ta ce gwiwarta ta daina hawansa, in hau ni kaɗai. Na tattare zanen jikina na hau. Wuri ne a ƙarƙashin rufi, ba a iya miƙewa sai a tsakiya, taga ɗaya ƙarama, zafi kamar tanda. Daga ƙasa muryarta ta zo mini, ta ce a nan bayin gidan ke kwana, mutanen da aka kwaso daga wajenmu, da 'ya'yansu da jikokinsu da aka haifa a nan. Su ke noman, su ke girki, su ke kiwo.

Na tsuguna a wurin na ɗan jima. Ba kuka na yi ba, ba kuma wani babban tunani ya zo mini ba. Tsanin na riƙa dubawa. Na san idan dattijon gidan ya yi kira daga gadonsa, wata ce za ta sauko ta nan a cikin duhu da sanyi, ta ɗaga shi, ta goge shi, ta kwashe abin da ya yi. Bayana ya san nauyin tsoho idan ya saki jiki. Da na sauko na tambayi Mama ko an san wadda ta yi jinyar masu gidan. Ta girgiza kai. Ta ce sunayen masu gidan duk an sani, har da na jariransu da suka mutu. Na sama kuwa, sai ɗaiɗaiku.

A bas muna komawa Malam ya ce, "Tun ranar da na hau wurin nan hannuna ya rikice. In na zana gidan shi kaɗai sai in ga na yi ƙarya. In kuma na ce zan sa su, ga maganar Baba."

Na ce, "Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa."

"Maganarsa ba ta rasu ba."

Ya daɗe yana fama da abin. Ya zana fartanya jingine da bango, ya goge. Ya zana tukunya a kan wuta ba kowa a kusa. Ya zana wanki a kan igiya. Daga baya ya samo wani babban falle, ya zauna a kansa tsawon hunturu, ni ina tsallake shi in shiga kicin. Da ya gama na tsaya na duba. Ya cire gidan mai, ya cire titi, ya cire dogayen gidajen. Gidan yana tsaye a tsakiyar gona, gonar kuma gero ce, ya fid da kai, ya yi tsawo har ya kai bakin rufi. Sama ta haɗa hadarin gabas irin namu. Ba mutum ko ɗaya, amma akwai siririyar hanya da ƙafa ta taka daga ƙofar baya ta shige cikin geron.

Ya naɗe shi a tsohon bargo ya kai wa Mama. Na bi shi, don zuwa lokacin nakan je jefi-jefi, saboda bencin. Ta sa tabarau ta duba ta ce, "Ɗana, wannan wane hatsi ne? Ba a taɓa shuka wannan a nan ba."

Ya ce, "Na sani, Mama. Amma wanda aka kawo daga wajenmu, in ya ɗago daga noma ya rufe ido, ina jin wannan yake gani."

Ta sake duban zanen. Sannan ta ce ita rake take gani, wanda kakanninta suka noma cikin bauta a Haiti, amma ba ta son ganinsa.

Ita ce ta yi magana da masu kula da gidan. Akwai ranar da suke yi bayan an cire amfanin lambu, 'yan unguwa su zo da yara, a ci a sha. Suka yarda a rataye zanen Malam a jikin shinge ranar. Ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya sanar a masallacinmu, kowa ya ce insha Allahu. Na karɓi hutun ranar da kyar, na guge masa babbar riga, yaran suka taya shi ɗaukar katakan a jirgi, mutane suna harararmu.

Daga masallacin mutum ɗaya ya zo, wani direban tasi, shi ma ya ajiye mota inda bai kamata ba, don haka yana gaisawa yana waige. Ban ga laifin sauran ba. Mai shago ba zai rufe ba, mai tasi ba zai ajiye ba, mata kuma irina suna gidan wani tsoho. Iska ta taso ta riƙa kaɗa katakan, muka yi ta ɗaure su da igiya. Yara suka fi son kabewa da awakin da aka kawo musu. Manya sukan tsaya, su ce ya yi kyau, su wuce wurin abinci. Wani dattijo baƙar fata da sanda ne kawai ya daɗe a gaban mai geron. Bai tambayi komai ba, bai ce ya yi kyau ba. Da zai tafi ya kama hannun Malam ya riƙe, ya jijjiga, ya tafi. Da yamma muka kwance su. Malam ya bar wa Mama mai geron, muka kwaso sauran muka dawo da su Bronx. A jirgi ya yi barci a kafaɗata da babbar rigarsa.

Bayan nan abubuwa suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya, ba da hayaniya ba. Kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo saboda ɗaga taya. Hawan jini ya zo, suga ya biyo baya. Mai shagon ya sayar da filin, aka kwashe tayoyin, aka kafa katanga ta katako za a yi dogon gini. Mama ta faɗi a banɗakinta ta karya ƙugu, ɗanta ya zo ya tafi da ita wata jiha ta kudu. Sau ɗaya muka yi waya, muryarta ta yi nisa, daga baya layin ya daina shiga. Ban san inda zanen ya ƙare ba.

Malam yana neman wani aikin ne abin ya same shi. Da safe, yana alwala, buta ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace. Ɓarin damansa ya shanye. Ya yi jinya a asibiti, aka dawo mini da shi. Sai ya zama in tashi daga gidan tsohon wasu in dawo gidan nawa tsohon, wanda bai ma tsufa ba. In yi masa wanka yana kawar da kai don kunya.

"Maman 'yan biyu, na zama miki aiki."

"Yi shiru ka ɗaga hannun, Malam."

Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da ɗingishi, hannun bai dawo ba. Ya gwada riƙe burushi da hagu, layin ya riƙa rawa, ya ajiye. Hawa huɗu kuma ba lif, sai ya zama fursunan taga.

Wata rana ya roƙi direban tasin nan ya kai mu gidan. Da muka isa, sabon ginin ya riga ya tashi a inda shagon yake, ya tare ranar yamma, rabin lambun yana cikin inuwa. Wasu matasa ne ke kula da wurin, masu fara'a, ba wanda ya san shi. Ɗayarsu ta fara ba shi tarihin gidan da Turanci, yana gyaɗa kai har ta gama. Bai shiga ba. Ya tsaya dafe da shinge ya duba, ya duba, sannan ya ce mu tafi, ƙafarsa ta gaji.

Shi ya ce yana son komawa gida. Ya ce a can aƙalla zai zauna a ƙofar gida a gaishe shi. Muka yi ta ja, a ƙarshe na ga gaskiyarsa. Ƙanensa ya karɓe shi a Damagaram. Ni na zauna, don yaran suna jami'a, kuma aikina ne ke riƙe da nan da can. Katakan suna bayan kujera da saman kabad. Babbar 'yan biyun ta ɗauki ɗaya ta kai ɗakinta na makaranta, ƙaramar ta ce warin fenti har yau yana tayar mata da zuciya.

Yanzu ta waya muke ganin juna, galibi ina tsaye a tasha da safe, shi kuma rana ta yi tsaka a wajensu. Kwanakin baya ya juya mini wayar ya nuna mini bangon zaurensu. Ya sa an shafe shi da farar ƙasa, ya fara zana gidan da hannun hagu, babba, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Layin yana rawa, amma gidan ne. Ya ce masu wucewa suna tambayarsa gidan wa ne, shi kuma ya ce na wasu manoma ne da ya sani a can.

"Amma na manta wani abu," in ji shi. "Ɓangaren da ke kallon gidan mai, taga nawa ce? Kuma bututun hayaƙin, a tsakiya yake ko ya ɗan matsa?"

"Ban sani ba, Malam. Ni barci nake yi a wurin."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Don Allah in kin sami sarari ki je ki ɗauko mini hoto."

Na ce to. Jirgina ya shigo, na ce masa sai anjima.

Lahadin da ta biyo baya wata abokiyar aikina ba ta da lafiya, na karɓi aikinta. Ta gaba aka yi ruwa. Ta bayanta na farka da niyyar tafiya, har na sa takalmi, sai na zauna a bakin gado in ɗaure igiyar, na tuna jirgin, da canjin jirgin, da jiran bas. Na cire takalmin na jiƙa wanki. Ya sake tambayata shekaranjiya, na ce masa wannan makon insha Allahu. Ya ce ba komai, ya bar wurin tagogin fari, yana aikin rufin tukuna.